Baba Awudu, Mutumin Da Ya Ƙi Sayar Mana Da Kwamfuta

Da safen nan ina tsaye a layin mai koko, kwano a hannu, wayata ta yi ƙara. Fuseina ce, 'yar Baba Awudu Mai Kwamfuta na Adabraka. Ban ma gama amsa sallamarta ba ta ce, "Anti Adiza, Baba ya cika bayan asuba."

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ban san lokacin da na bar layin ba. Kwanon ya dawo gida yadda ya fita.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata a nan sun san ni ba mai dogon rubutu ba ce. Hoton katin biki nake sawa in yi shiru. Yau kam ku yi haƙuri da ni. Mutumin nan bai taɓa buɗe shafi ba, ko hotonsa ba ya so a ɗauka. In ban faɗa ba, wa zai faɗa?

Wasunku sun san sunansa ta bakina. Duk wanda ya taɓa turo mini saƙo yana tambayar inda zai sami babbar kwamfutar tebur mai ƙarfi ba tare da an tatse shi ba, amsa ɗaya nake ba shi: je ka Adabraka ka nemi Baba Awudu. Ban taɓa gaya muku dalili ba.

Can ƙarshen shekarun casa'in ne. Ina 'yar budurwa, na gama makaranta, muna zaune ni da Mma a wani babban gidan haya a Nima, tun bayan rasuwar babanmu. Mma tana sayar da shinkafa da wake a Kasuwar Malam Atta. Mace ce da in ta yi magana a layinsu, layi na gaba ma sun ji.

Ni kuwa kunya ce ta yi mini yawa.

In ta bar ni a rumfa ta tafi salla, sai in zaro littafin soyayya daga bayan buhun wake, irin tsoffin nan da ake shimfiɗawa a bakin titi a Tudu, wasu ko bango babu. Mai saye ya zo ya taya, in kasa cewa albarka. In sallama masa a yadda ya faɗa, don dai ya tafi ya daina kallona.

Mma takan ce, "Adiza, ke ko kaza aka ba ki ki sayar, kazar ce za ta yi cinikin."

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba a lokacin, ba samarin cikin littattafan ne suka dame ni ba. Shafin ƙarshe nake so, inda ake biki. Kuma duk katin aure da aka kawo gidanmu, baƙi da fari, tawada ta malale, sunan amarya a karkace, sai in ji haushi a madadinta. In kwanta ina zana nawa a raina. Fure a gefe. Bismillah a sama kamar an yi da lalle. Sunan amarya da ruwan zinariya.

Na ɗan koyi buga tafireta a wata ƙaramar makaranta a Alajo. Suna da kwamfuta guda ɗaya, mu kuma muna da yawa. In layi ya zo kaina, kafin in gama zama an ce in tashi.

Kun san halin uwa a Zango irin unguwarmu. Tun 'yarta tana rarrafe take tara mata kwanuka da tukwane da atamfofi. Mma ma haka. Amma wata rana ta dawo daga kasuwa ta ajiye mayafi ta ce kwasar adashin da ke tafe, da duk abin da ta ware don kayan ɗakina, ba za su shiga kwano ba. Ta ga wata yarinya kusa da kasuwa tana zaune gaban kwamfuta tana buga wa mutane takardu, ba kira, ba talla.

"Na ga sana'ar da ake yi da baki a rufe," in ji ta. "Taki ce."

Matan gidanmu suka ce Mma ta zautu. Mma Lariba, maƙwabciyar ɗakinmu, ta ce, "Memuna, 'yar taki da talabijin ɗin da ba ya nuna fim za ta shiga gidan miji?"

To kun ga inda muke. In kwamfutar ta fito ta banza, babu kwanuka, babu sana'a, Mma ta zama abin dariya a tsakar gida, ni kuma in koma bayan buhun wake har illa ma sha Allahu.

Muka fara yawo. Manyan shagunan nan masu gilas da sanyi, Mma ta tambayi kuɗi, aka faɗa mata, ta ce, "Har da shagon?" Muka fito.

A Tudu muka sami wani boga, irin waɗanda suka dawo daga Jamus da kaya. Tasa fara ce fat, babba, tana ƙyalli, ledarta ma ba a gama cirewa ba. Mma ta ɗaga ta yadda take ɗaga tukunya, ta ƙwanƙwasa gefenta, ta gyaɗa kai. A wurin Mma abu in yana da nauyi ba a yi masa ha'inci ba. Ta ce ya buɗe ta ga ciki. Ya nuna mata wata 'yar takarda da aka manna, ya ce in an yage ta garanti ya tashi. Ta ce ya ajiye mata, Asabar za ta dawo.

Wata mai sayen shinkafa ce ta ce mata, kafin ta miƙa kuɗi ta leƙa wurin Awudu a Adabraka, wanda a da yake gyaran tafireta.

Shagon siriri ne, a bayan wata maɗaba'a. Shi ma siriri ne, da farar hula, sukundireba a saƙale bayan kunne kamar fensirin kafinta. Abin da ya fara ba mu mamaki, duk kwamfutocin da ke ciki a buɗe suke. Ba mai murfi ko ɗaya.

Mma ta ce, "Malam, kai kuma duk kayan naka tsirara suke?"

Ya ce, "Hajiya, ke ma ai ba kya sayar da shinkafa a ɗaure. Sai mai saye ya sa hannu."

Suna wannan, ni na leƙa cikin ɗaya. Ban taɓa mantawa ba. Wani koren allo ne, da layuka na zinariya sirara kamar gashi, sun miƙe sun lanƙwashe ba wanda ya taka wani, da ƙananan gidaje jere, da wata 'yar fanka tana juyawa ba ƙara. Sai na ji kamar tsuntsuwa ce ni ina kallon wani birni daga sama, birnin da ba lungun da ya toshe. Na ce a raina, ashe akwai ɗan Adam ɗin da ya san hanyar kowane lungu a nan. Kuma ga shi tsaye, da silifas irin na kowa.

Muryarsa ce ta dawo da ni.

"Wa zai zauna a gabanta?"

"Yarinyar nan," in ji Mma.

"To, yarinya, me za ki yi da ita?"

Mma ta karɓe. Buga wasiƙa, takardun neman aiki, irin abin da ta ga ana yi.

Ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ce, "Hajiya, na ji naki. Ita nake tambaya."

Na kalli yatsun ƙafata.

Mma ta ce, "Ba ta magana. Ka dai ba mu babbar cikinsu."

"Ba ni da babba," ya ce. "Tela ba ya yanka sai ya auna. Ta mai wasiƙa daban, ta mai lissafi daban, ta mai zane daban. In na ba ku wadda ba tata ba, na cuce ku ko da na yi muku rahusa. Ranar da ta faɗa mini da bakinta, ranar zan haɗa."

Haka muka fito hannu rabbana.

A cikin trotro, motar hayarmu, Mma ba ta raga wa kowa ba. "Mutum da kuɗinsa a ce sai an yi masa jarrabawa. Shi alƙali ne? Asabar ta yi mu koma wurin bogan can, shi ko sunanki bai tambaya ba."

Ni kuwa birnin nan ya ƙi barin idona. Kuma tambayar ta ƙi barin kunnena. Ba wanda ya taɓa tambayata me nake so ya tsaya jiran amsa.

Ranar Juma'a Mma ta aike ni gida daga kasuwa. Ƙafata ta kai ni tashar trotro. Ban taɓa zuwa Adabraka ni kaɗai ba. Da muka iso inda zan sauka na kasa gaya wa yaron mota, sai da wata tsohuwa ta tsayar da motar can gaba na bi bayanta, na dawo da ƙafa.

Da ya gan ni a ƙofa bai nuna mamaki ba. Ya turo mini kujera da ƙafa, ya miƙo mini wani ɗan faranti mai ƙusoshi ya ce in riƙe masa. Sai ya juya mini baya ya ci gaba da aikinsa.

Daga baya na gane da gangan ya yi. Ya lura idon mutane ne ke ɗaure mini harshe.

Bayansa na yi wa magana.

"Katin aure."

"Na'am?"

"Katin aure nake so in yi. Mai kala. Da fure. Da hoton amarya."

Bai juyo ba. Bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "Furen wace kala?"

Jama'a, sai ga ni ina zuba. Ruwan hoda da kore. Rubutun Larabci da ba zai karye ba. Hoton da zai fito da lallen hannu har a gane zanen. Duk abin da na daɗe ina ɗauke da shi na sauke a bayan rigar mutumin nan.

Da na yi shiru ya ce, "To kin gani. Da na bi ta Hajiya da keke na haɗa miki, alhali kayanki na tirela ne."

A tsaye ya yi mini bayanin da har yau shi nake maimaita wa mutane. Abin da Mma ta tara ba zai sayi sabuwa dal daga sama har ƙasa ba. Don haka za a zaɓi inda kuɗi za su zauna. Ƙwaƙwalwarta sabuwa, mai ƙarfi. Memori mai yawa, don hoto yana da ci. Katin cikinta da ke fitar da hoto a allo, sabo. Allon kallo mai kyau, saboda idona da kuma kala. Sai abin daidaita wuta, tunda ya san halin wutar Nima. Akwatin da za a zuba su kuwa, da madannai, da firinta, na hannu sun wadatar.

"Kuɗi su shiga ciki," ya ce. "Kada su tsaya a fata."

Da yamma na sami Mma tana tsince wake. Na ce, "Mma, na je Adabraka."

Ta ɗago. "Ke?"

"Ni."

"Ke kaɗai? Kika yi masa magana? Da wannan bakin?"

Na gyaɗa kai.

Ta ajiye waken. Sannan ta ce, "Mutumin da ya sa ki magana, ko gwangwani ya sayar mini zan saya."

Ta bogan can, har yau ban san abin da ke cikinta ba, kuma ba zan ɗauki alhakinsa ba. Iyakar abin ke nan: ban sani ba.

Ranar haɗawa Baba Awudu ya ce in wanke hannu. Ashe wata ƙa'idarsa ce, ba ya miƙa wa mutum kwamfutar da hannunsa bai shiga cikinta ba. Ya sa na fara taɓa ƙarfen ƙofa, don wutar jikin mutum ma tana iya lalata kayan. Ya ba ni memorin, siriri kamar matsefi, ya nuna mini gurbinsa. Na yi bismillah na danna. Ya yi wani ɗan ƙas.

Da aka kunna ta, sai allon ya waye. Na gina gida ɗaya a cikin birnin.

To, sai aka kawo ta Nima.

Matan gida suka cika ɗaki kamar ganin ɗakin amarya. Akwatin nan tsoho ne, ya yi rawaya kamar haƙorin mai cin goro, da tabo a gefe. Mma Lariba ta zagaye shi ta ce, "Wannan ne ya cinye kwanukan?"

Abin ya sosa Mma. Washegari na tarar ta ciro leshin da ta ajiye don bikina, ta naɗe akwatin da shi tsaf, gaba da baya, ta ɗora furen roba a kai. Har turaren wuta ta yi masa. Gaskiya ya yi kyau.

Aikina na farko katin auren 'yar wata abokiyar kasuwar Mma ne. Na zauna, na fara jera fure, sai kwamfuta ta mutu. Ga wuta a ɗaki, ga fanka na juyawa. Na kunna, ta ɗan yi aiki, ta sake mutuwa. Haka, haka, biki yana matsowa.

Mma ta daina magana. Wanda ya san Mma ya san shirunta ya fi faɗanta ban tsoro. A tsakar gida kuwa in na fito ɗiban ruwa sai hira ta tsaya.

Na je na gaya masa. Bai ce a ɗauko ta ba. Ya rufe shago ya biyo ni, muka shiga trotro, muka ratsa lungunanmu yana tsallake kwata yana gaisa da kowa. Ya yi sallama ya shiga ɗaki. Ya tsaya yana kallon leshi da fure.

Ranar na fara jin dariyarsa.

"Hajiya, wa ya yi wa amarya lulluɓi a wannan zafi?"

Ya sauke furen. Ya warware leshin a hankali, ya ninke shi, ya miƙa wa Mma da hannu biyu. Ya bar akwatin ya huce, ya kunna, sannan ya ce Mma ta kai tafinta bayansa, daidai wasu 'yan ramuka.

Na ga fuskar Mma ta canja. Iska mai ɗumi ce ke busa mata hannu.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Malam, rai gare ta?"

"Ba ta da rai, Hajiya. Amma tana da haƙƙi. A bar mata iska."

Bai tafi ba sai da na gama katin. Bai sa mini hannu ba, bai ce ƙara nan ko rage can ba. Yana zaune a bakin ƙofa, ya ba ni baya, yana cin waakye, dafaffiyar shinkafa da waken da Mma ta zubo masa. Firinta ta ja takarda tana tafiya da ita sannu sannu, fure yana fitowa layi bayan layi kamar ana saƙa shi.

Mma ta fita da katin tsakar gida. Ban taɓa jin gidanmu ya yi tsit da rana tsaka ba sai ranar. Kowa ya goge hannu a zani kafin ya karɓa, ana riƙe shi ta gefe. Da ya zo hannun Mma Lariba ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "Na suna ma ana yi?"

Ko kuɗin mota Baba Awudu bai karɓa ba. Daga ranar kuma bai ƙara kirana Adiza ba. Mai Fure.

Kwanukan da na shiga ɗaki da su daga baya, kati ne ya saye su. Leshin ma ni na sa shi, ba kwamfuta ba. Akwatin nan mai rawaya ya yi shekaru yana mini aiki, Baba yana canja masa ciki, fatar tana nan yadda take. Mma, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Allah in ta ga wani ya jingina abu a bayansa sai ta ce a matsa, ana numfashi.

Haɗuwarmu ta ƙarshe gab da azumin da ya wuce ne. Na je a haɗa mini sabuwa. Idonsa ya yi rauni, hannu yana rawa, Fuseina ce ke kan teburin aiki, shi yana zaune a gefe da carbi. Muka gaisa, ya tambayi maigida da yara. Sai ya ce, "To, Mai Fure, me za ki yi da ita?"

Na yi dariya na ce, "Baba, bayan duk shekarun nan?"

"Mutum yana canjawa. Faɗa mini." Sai ya fara jan kujerarsa da ƙyar. "Ko in juya miki baya?"

Muka yi ta dariya har Fuseina ta ce mun hana ta aiki. Ban san sallama muke yi ba.

Ɗazu Fuseina ta sake kirana, ta ce ni suke so in yi sanarwar addu'arsa. Ta tuna mini ba ya son hoto. Na zauna gaban allo tun ɗazun, na rubuta sunansa, na sa fure ɗaya ƙarami a gefe, na kasa ci gaba. Shi ya sa na zo nan.

Masu tambayata inda za su saya, shagon yana nan, Fuseina ma a buɗe take aiki. In kuma kuna nesa, ku nemi wanda zai buɗe muku ku ga ciki, wanda zai tambaye ku me za ku yi da ita ya tsaya ya ji amsa. Ban san ko suna da yawa ba. Ni ɗaya na sani.

Za a yi masa salla bayan azahar.

Ya Allah, bawanka Awudu ya zo gare Ka. Bai taɓa rufe wa kowa abin da ke ciki ba, Ka buɗe masa ƙofofin rahamarKa. Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya shi da iskar Aljanna. Ka ba Fuseina da 'yan'uwanta haƙuri. Shi ya yi mini tambayar da ta fi kowace wuya a rayuwata, ya kuma sauƙaƙa mini ita har na amsa. Ya Allah, yau Ka sauƙaƙa masa tasa tambayar.

Duk wanda ya karanta har nan, ina roƙon abu ɗaya. Kada ku danna alama kawai ku wuce. Ku tsaya ku yi masa addu'a, ko da Allah ya jiƙansa ce.

Ku faɗa da bakinku.